Neman shawara: muna son fita yawo a hutun semista, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mu 'yan aji ɗaya ne, muna so in an gama jarrabawar semistan nan mu fita shaƙatawa na kwana 3 ko 4 kafin kowa ya wuce gida. Na buɗe guruf a WhatsApp mutum 23 suka shigo kowa "ina ciki", amma har yau ba wuri balle rana, wannan ya ce bakin ruwa wancan ya ce duwatsu, kuma da an taɓo maganar kuɗi sai guruf ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni suka ɗora wa abin.

Tsohon ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, "ina ciki" ba ta biyan mota. Ka yanka kafin alƙalami ka sa ranar rufewa, waɗanda suka biya ka buɗe musu sabon guruf, su ne 'yan tafiya, da su kaɗai za a yi shawara. Kuma ku rubuta tun yanzu cewa da zarar an kama ɗaki an yi shatar mota, wanda ya fasa kuɗinsa ba ya dawowa sai in ya kawo madadinsa, saboda kuɗin shatar bas ba ya raguwa don mutum uku sun janye, sauran ne za su cike giɓin, nan ne rigima take farawa.

'Yar ajin ƙarshe:
Yaya maganarka haka take, amma shirun nan ba duka rashin niyya ba ne fa. Wani ba shi da shi ne kuma ba zai iya faɗa a gaban mutum 22 ba. Ka yi fom na intanet a Google Forms wanda ba ya nuna suna, ka tambayi nawa kowa zai iya fitarwa, sai ka ɗauko wurare uku da suka dace da aljihun mafi yawa, kowanne da lissafinsa na mota, ɗaki, abinci, kuɗin shiga, sannan a kaɗa ƙuri'a a WhatsApp ɗin. In ka bar masu baki su zaɓi wuri, masu kuɗi ne kawai za su je.

Wani memba:
Kar ka kama ɗaki kan ranar da ke kalandar makaranta, jarrabawa tana gocewa, ga masu firatikal da masu kare furojet da ba sa gamawa tare da kowa. Ka bar tazarar kwana biyu bayan fefa ta ƙarshe. A Booking.com, shafin kama ɗakin otal a intanet, akwai ɗakunan da ake iya fasawa kyauta, amma ka duba ranar da damar take ƙarewa. Kar kuma ka yi sanya, lokacin hutu kowa ke fita, ɗaki tsada yake ƙarawa.

'Yar ajin ƙarshe:
Na manta, kar ka riƙe kuɗin kai kaɗai wlh, ko kai waliyyi ne sai an yi magana. Ku naɗa ma'aji daban, duk abin da ya shigo ko ya fita a sa a Google Sheets, takardar lissafi ta intanet, kowa na gani, risit a ɗauki hoto a tura. Ku ƙara kamar kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, in ya rage a raba.

Wata uwa:
'Ya'yana kowa ya sanar da gida tukuna, ku tara lambar iyaye a takarda ɗaya, ku san mai asma ko mai shan magani a cikinku, kar ku yarda da tafiyar dare. Ku tafi da katin makaranta, wasu gidajen tarihi suna yi wa ɗalibai rangwame. In ƙetare iyaka za ku yi, ƙasashe da yawa sai fasfo na da sauran wata 6.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, yau zan tura fom ɗin. To wanda ya ce zai zo da abokinsa da ba ɗan ajinmu ba fa?

Tsohon ɗalibi:
Sai in kujera ta rage bayan ranar rufewa, kuma ya biya cikakke, wanda ya kawo shi ya tsaya masa.