Ɓeran Masar ɗina na zubar da gashi, susa ta ƙi tsayawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah a taimaka min da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ɓerayen Masar huɗu nake da su a keji ɗaya. Tun shigowar hunturu babbar macen ta fara susa, yau sati 3 ke nan. Gashin bayanta da na kafaɗa ya zube, fatar ta bushe ta yi ɓawo-ɓawo kamar ƙazuwa. Jiya da na ɗauke ta, yatsana na taɓa wurin sai ta ƙwalla ƙara, jikinta ya hau karkarwa. Tana cin abinci dai, amma ta rame, da ƙyar ta kai giram 700.

Na ware ta, na canza garin katakon da nake shimfiɗa musu, na shafa mata man kaɗanya, duk a banza. Wani mai kemis ya miƙo min amoxicillin, ban ba ta ba, don na san irin wannan maganin yana lalata musu hanji har ya kashe su. Likitan dabbobin da ke kusa da mu kuwa awaki da kaji ya saba dubawa.

Ivermectin, maganin tsutsar ciki da ƙwarin fata da ake yi wa awaki, yana yi wa ɓerayen Masar? Nawa ne awonsa, kuma sai an haɗa da sauran ukun? Ko kuwa ƙarancin bitamin C ne, tunda jikinsu ba ya haɗa shi, ga shi tun ɗaukewar damina dusa da harawa kawai suke samu?