Neman kalmar Hausa: me za a kira "CV joint boot" na babur mai ƙafa huɗu?

Malamin Sana'a, Auyo: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan fara koya wa yara 12 gyaran babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake shiga gonakin shinkafa da shi a fadama. Gobe da la'asar takardar darasin za ta tafi wurin bugawa, ni kuma na maƙale a "CV joint boot". Injin fassara ya ce mini wai "takalmin haɗin gwiwa". A taimaka.

Ogan Gareji, Haɗeja: Wa alaikumus salam. Robar shaf, Malam, wato robar da ke rufe gaɓar shaf, sandar ƙarfen nan da ke kai juyi zuwa taya. Ko yaron shago ya san ta. Sai dai ka bambance musu ta ciki da ta waje, don kowane shaf biyu gare shi kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Ta waje, wadda ke bakin taya, ita ta fi mutuwa: tana lanƙwasawa duk lokacin da aka karya kan babur, ga kututturen dawa da ƙaya suna caccakar ta.

Baban Nazari, Ringim: Roba Turanci, shaf Turanci. Ina Hausar? Abin nan aikinsa riƙe maiƙo da tsare shi daga ƙura. Kakanninmu da me suke ajiye mai? Tandu. A ce tandun gaɓa.

Ɗan Walda: Ni zugazugi nake gani. Ku dubi ninkin jikinta.

Ogan Gareji, Haɗeja: Zugazugi hura iska yake yi, ita kuwa ranar da ta fara numfashi ta mutu. Huda kamar ta tsinken tsire ta isa. Shaf yana juyawa yana feso giris, za ka ga baƙin maiƙo a cikin rim da jikin birki. Ruwan fadama da yashi su shiga, su cakuɗu da ragowar giris, su riƙa cin ƙwallayen ƙarfen nan na cikin gaɓa, galibi guda 6, da hanyoyinsu. In har ka ji ƙas-ƙas-ƙas wajen shan kwana, an makara, gaɓar ce ta tafi, sabuwar roba ba za ta dawo da ita ba.

Malamin Sana'a, Auyo: Oga, ba ni tsarin aikin yadda kake faɗa wa yaranka, in ji inda kalmar take faɗowa.

Ogan Gareji, Haɗeja: A sassauta notin taya, a ɗaga da jak, a tokare da abu mai ƙarfi, a cire taya. A zare fin ɗin da ke kulle babban notin shaf, a kwance shi, a saki hannun da ke riƙe da mazaunin taya, a janye. Shaf ɗin kuma fizga ɗaya ake yi masa, a miƙe, don zoben ƙarfe ne kawai ke riƙe da shi a ciki. A yanke ɗamarorin biyu da ke matse bakunan roba, a yage tsohuwar robar. Gaɓar waje da guduma ta tagulla ake bugo ta, a kan zuciyarta ta tsakiya, kada a taɓa kejin ƙwallaye, tsagewa yake yi. A wanke tas, ta bushe, a duba da haske: in akwai rami ko zane mai kama farce, a sauya. Sannan abin da kowane sabon yaro yake mantawa: ƙaramar ɗamara da roba su ne ke fara shiga shaf kafin a mayar da gaɓa.

Baban Nazari, Ringim: Kun ji ko? Ɗamara ya ce, bai ce kilif ba. Ashe ana iyawa. To me ya hana tandu?

Ɗan Walda: Baba, Allah ya ƙara girma, ka tura yaro kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano ya ce a ba shi tandu, kasuwar Kurmi ta kayan gargajiya za su nuna masa.

Baban Nazari, Ringim: Da irin wannan dariyar aka kashe kalmomi da yawa. Wanda ya fara cewa jirgin sama ma ai an yi masa.

Malamar Hausa, Gumel: Baba, roba ta daɗe da zama 'yar gida, har jam'i ta yi, robobi. Ni kukana wani ne: don Allah kada a buga "roban shaf". Roba mace ce, robar.

Ɗan Walda: Hajiya, a gareji "roban" muke cewa, kuma babur yana tashi.

Malamar Hausa, Gumel: Ya tashi. Takarda dai ta yara ce.

Ogan Gareji, Haɗeja: Ku bari in ƙarasa. Giris ɗin da ke zuwa cikin kwalin, baƙin nan mai sinadarin moli, shi za a sa, ba na boris ba. Kusan rabi a dandaƙa cikin gaɓa har ya ɓullo, sauran cikin roba. Kafin a ɗaure babban baki, a zura siririn sukudireba mara kaifi iska ta daidaita, in ba haka ba roba ta kumbura ko ta lotse, ninkin ya riƙa gogar juna. Ɗamara ta ƙarfe ce, da filayarta ake matsewa. Waya yanka roba take yi, igiyar leda kuma sakewa. Babban noti a ɗaure shi gwargwadon littafin babur ɗin, a sa sabon fin.

Malamin Sana'a, Auyo: Na gode. Ga abin da zan buga: kan darasi "Sauya robar gaɓar shaf", a jerin kayan saye "robar shaf, ta ciki ko ta waje". Wajen bayani zan ce roba tamkar tandu ce ga gaɓa.

Baban Nazari, Ringim: Tamkar. To. Ita CV ɗin fa, wato "constant velocity", an bar ta ke nan? Na ce gaɓar daidaita juyi.

Ogan Gareji, Haɗeja: Ma'anar ta fita, amma ba mai faɗin haka yana kwance ƙarƙashin babur. Malam, kai takardarka.