Neman shawara: an kawo mini man labanda tsaraba, sha ake yi ko shafawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ina da jaririya 'yar wata huɗu, haihuwata ta uku ke nan. Tun da na gama wankan jego barci ya ƙaurace mini. Ba yarinyar ce ke hana ni ba, ita kam da ta ƙoshi sai barci. Ni ce zan kwanta ido biyu har a kira assalatu, gabana yana faɗuwa, ina ta saƙe-saƙe marasa kan gado. Da rana kuma ga ciwon kai, ga saurin fushi, har yaran sun fara shakkar zuwa kusa da ni.

Yayar maigidana ta dawo daga Umara ta kawo mini wata 'yar ƙaramar kwalba, mililita 10, ta man labanda, wanda masu shagon magungunan Musulunci ke kira khuzama. Ta ce mai shagon ya ce a ɗiga a shayi da daddare, a shafa a goshi, kuma har jariri ana shafa masa idan yana rigima. Maƙwabciyata ita ma ta ce ana zuba shi a ruwan tsarki don maganin sanyi, kuma wai yana warkar da ƙuna. Ban buɗe kwalbar ba tukuna. Wacce ta san shi ta taimaka mini, shin da gaske yana sa barci? Kuma ba zai taɓa mai shan nono ba?

Maman Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya Ya raya. Ni ina amfani da shi amma shaƙa kawai nake yi. Ɗigo biyu a hankici, in ajiye gefen matashin kai. Ba zan ce miki yana kayar da mutum ba, sai dai jikina yana saki, tunanin ya ɗan lafa. Kar ki wuce ɗigo biyun nan, ranar da na zuba da yawa ciwon kai ya sa ni. Kuma kar ki ɗiga shi a garwashi, ƙauri kawai zai yi, ga shi yana kama wuta. Idan so kike ɗaki ya ɗauka, ki zuba ruwan zafi a kwano ki ɗiga a ciki.

Hajiya mai humra:
Ƙanwata, kafin a je maganar amfani, fara duba abin da ke hannunki. Sana'ata ke nan, haɗa humra da turaren wuta, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan labanda a kasuwa ƙamshi ne na haɗi, an narka shi a wani man daban. Yana da daɗi a turare, amma babu ruwansa da magani.

Na gaskiyar daga furen wani ɗan tsiro ake samunsa mai launin shuɗi-shuɗi, asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. An fi saninsa da yankin Provence na kudancin Faransa, amma yanzu Bulgeriya ce kan gaba wajen samar da man. Da tururi ake tatso shi, kuma sai an tara fure fiye da kilo 100 kafin a samu lita guda, shi ya sa ba ya araha. Duk wanda ya miƙo miki ƙatuwar kwalba a kuɗin sabulu, kin san zancen.

Juya kwalbar ki karanta. Idan an rubuta Lavandula angustifolia, shi ne ainihin wanda ake magana a kai. Idan kin ga Lavandin, wani iri ne da aka aura, ya fi yawan mai, ya fi araha, kuma ƙamshinsa yana da kaifi irin na kafur. Masu sabulu da omo sun fi amfani da shi. Sannan ki ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ki bar ta ta kwana. Na ƙwarai zai tashi bai bar maiƙo ba, wanda aka sirka da mai kuwa za ki tarar da tabo ya zauna. Wannan gwajin ba ya kama kowane algus, amma yana kama na masu gaggawa.

Ajiya kuma: kwalba mai duhu, a rufe gam, nesa da taga da kicin. Zafin garin nan yana lalata shi, kuma idan ya tsufa ya sha iska ya fi sa ƙaiƙayi a fata.

Ummu Hanan:
Ni dai ina ɗiga uku a shayin na'a-na'a kuma lafiyata ƙalau. Ai daga fure yake, ba sinadarin Bature ba ne. A ruwan tsarki ma yana da kyau sosai, ki gwada.

Anti mai famasi:
Ummu Hanan, ki yi haƙuri zan saɓa miki, don maganar akwai jaririya a ciki. Zaƙami ma tsiro ne, kuma mun san abin da yake yi wa mutane. Wannan man ba ya narkewa a ruwa, yana tasowa ne saman shayi ya taɓa baki da maƙogwaro da ƙarfinsa. Yana iya sa tashin zuciya da amai, kuma a ƙaramin yaro ko kaɗan ne yana iya sa shi magagi da wahalar numfashi. Cewa ke bai yi miki komai ba, alhamdu lillahi, amma ba hujja ba ce ga mai shayarwa.

Mai tambaya, ga abin da na sani. Manyan sinadaran da ke cikinsa guda biyu ne, linalool da linalyl acetate, su ne ake danganta kwantar da hankalin da su. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ɓangaren fargaba. A Jamus akwai wani kafso da ake kira Silexan, ana sayar da shi da sunan Lasea, miligiram 80 sau ɗaya a rana. An gwada shi a kan manya masu ciwon fargaba, har da wani bincike da aka buga a 2014 na mutum 539 tsawon mako 10, kuma ya fi kafson bogi, wanda babu magani a cikinsa, aiki. Wataƙila daga nan ne masu shaguna suka samo zancen “ana sha”. To amma wancan magani ne da aka auna, aka tace, aka rufe a kafso, ba kwalbar tsaraba ba. Ko shi ɗin yana sa gyatsa mai ƙamshin furen, kuma ba a shawartar mai ciki ko mai shayarwa ta sha, saboda ba a gwada shi a kansu yadda ya kamata ba.

Shaƙa kuwa, akwai ƙananan bincike da dama da suka nuna mutane suna jin barcinsu ya ɗan gyaru. Na ce ɗan gyaru. Akwai kuma wani ƙaramin gwaji a Iran a 2012 da ya nuna shaƙarsa na minti 15 ta rage wa wasu ciwon ɓarin kai. Don haka abin da Maman Sadiƙ ta faɗa ya yi daidai da abin da aka gani, kuma shi ne hanya mafi sauƙin haɗari.

Idan shafawa za ki yi, ba a shafa shi zallansa. Ɗigo ɗaya zuwa biyu a cokalin shayi na man kwakwa ko man zaitun. Ki fara gwadawa a cikin dantse, ki jira kwana ɗaya, idan babu ja ko ƙaiƙayi sai ki shafa a kafaɗa ko tafin ƙafa. Ban da kan nono da ƙirji tunda kina shayarwa, ban da kusa da ido, kuma ki wanke hannu kafin ki ɗauki yarinya.

Jaririya kuwa, a'a. Fatarta ba ta yi ƙwari ba, hanyar numfashinta ƙarama ce. Akwai kuma wani rahoto da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2007, na yara maza uku da ba su balaga ba da nono ya fara fito musu, aka gano suna amfani da kayan shafa masu man labanda, ɗaya har da man wani tsiro daban da ake kira tea tree. Da aka daina, kumburin ya koma. Har yanzu masana suna jayayya ko man ne ya jawo, amma ni ban ga dalilin da zai sa uwa ta yi gwaji da 'yarta ba.

Kwalbar a sama, inda manyan yaranki ba za su kai ba. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja ko madara, man yana iya shiga huhu. A ɗauki yaron da kwalbar a tafi asibiti.

Maman 'yan biyu:
Anti, maganar ƙuna fa? Na taɓa jin cewa wani Bature ne ya ƙone hannu ya tsoma a man ya warke.

Anti mai famasi:
Labarin yana da tushe. René-Maurice Gattefossé sunansa, masanin sinadarai ne ɗan Faransa, ya ƙone a ɗakin gwajinsa a 1910, kuma ya ce man labanda ya taimaka wa ciwon. Shi ne ma ya yaɗa wannan fanni na magani da ƙamshi. Amma labarin mutum ɗaya ne fiye da shekara ɗari da ta wuce. Abin da ake koyarwa yau shi ne a tara wurin a ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Ƙunar da ta yi bororo mai faɗi, ko ta fuska, ko ta yaro, asibiti.

Sista ungozoma:
Duk kun yi magana a kan kwalba, ni bari in yi a kan mai kwalbar.

Amma da farko, Ummu Hanan, don Allah a daina zuba irin waɗannan mayuka a ruwan tsarki ko matsi. Wurin nan yana da ƙwayoyin halitta masu kare shi, kuma fatarsa ba ta jure abu mai zafi. Muna ganin mata suna zuwa da kumburi da raɗaɗi, sanyin da ake son korewa yana nan, an ƙara masa wani ciwon. Abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowanne da maganinsa, sai an duba.

'Yar'uwa mai tambaya, sake karanta abin da kika rubuta. Yarinya tana barci ke ba kya yi, gaba yana faɗuwa, tunani ya ƙi tsayawa, ga fushi, kuma wata da watanni. Wannan ya wuce gajiyar raino. Yana iya zama ciwon damuwa ko fargaba na bayan haihuwa, kuma ba ke kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 20 cikin 100 na fama da irin wannan bayan sun haihu. Ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin godiya ba. Yana iya zama ƙarancin jini, musamman idan kin zubar da jini da yawa. Yana iya zama hawan jini, tunda kin ambaci ciwon kai, kuma idan kin sha kunun kanwa sosai a jego ki faɗa wa likita. Akwai kuma matsalar ƙwayar maƙoshi da ake kira tayirod, takan taso wa wasu mata a watannin nan, ta sa bugun zuciya da rashin barci. Duk waɗannan ana gane su da awo, kuma akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha.

Ki shaƙi man idan yana miki daɗi, ban hana ba. Amma cikin makon nan ki je asibiti, ki faɗi komai yadda kika faɗa mana, kar ki tsaya a “ciwon kai” kawai. Idan kuma har tunanin cutar da kanki ko yarinyar ya taɓa zo miki, ko ciwon kan ya zo da dishi-dishin gani, to yau za ki je, ba sai an jira ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya na duba, angustifolia aka rubuta, takardar ma na ɗiga ina jira. Sista, maganarki ta sa ni kuka, don ko maigidan ban faɗa wa rabin abin ba. Na nuna masa, ya ce ranar Litinin zai kai ni. Tambaya ɗaya ta rage: gado ɗaya muke kwana da yarinyar, hankicin ba zai dame ta ba?

Sista ungozoma:
Kar ki kai shi gadon. Ki shaƙa a falo na ɗan lokaci kafin ki shiga kwanciya, ki bar hankicin a can. Idan akwai mai asma a gidan ma a kula, ƙamshi mai ƙarfi yana tayar wa wasu. Shayi mai ganye da kofi ki tsayar da su daga la'asar. Ranar Litinin ki tafi da katin awonki na ciki, ki ce a duba jini da hawan jini, sannan ki dawo ki gaya mana abin da suka ce.