Wai da gaske ana tsintar zinare a bakin tekun Florida?

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata uku kenan da zuwana Florida karatu, jiya mun je bakin teku wajen Vero Beach na ga wasu dattawa da sassafe kowa riƙe da na'urar gano ƙarfe suna bin yashi a hankali, na tambayi ɗaya ya ce sulallan Sifaniyawa suke nema. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Da gaske ne ana samu? Kuma in na sayi na'urar zan iya shiga cikin ruwan da ita tunda na ga wurin ba zurfi?

Baba Alhaji:
Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya ya faɗa maka. A ƙarshen watan Yuli 1715 jiragen ruwa 12 suka taso daga Havana za su Sifaniya, ɗauke da azurfa da zinare na Mekziko da Kudancin Amurka, guguwa ta riske su ta farfasa 11 a wannan gaɓar, guda ɗaya na Faransawa ne kawai ya tsira, mutane wajen dubu suka mutu, Allahu akbar. Sifaniyawa sun dawo sun yi ta nutso sun kwashe da yawa amma saura na nan yashi ya binne. Shi ya sa ake kiran yankin Gaɓar Taska. Ko a 2015 an ciro sulallan zinare sama da 300 dab da gaɓa, an ƙiyasta su dala miliyan 4.5.

Maman Hanifa:
Ƙanina don Allah ka kula da zancen shiga ruwan nan, kar ka jawo wa kanka matsala kana baƙo a ƙasar mutane. Wuraren da jiragen suka nutse akwai kamfanin da kotu ta ba haƙƙin haƙo su, masu nutson da kake gani a ƙananan jirage duk a ƙarƙashinsa suke aiki, kuma jihar Florida tana iya ɗaukar har kashi 20 cikin ɗari na abin da aka ciro ta ajiye don tarihi. Kai iyakarka yashin gaɓa, daga gindin tudun yashi zuwa inda ruwa yake janyewa, shi ma ka fara tambayar ma'aikatan wurin.

Malam Sani:
Kashi 20 ɗin nan ya tuna min da hukuncin rikazi, wato dukiyar da aka tarar a binne, da ake fitar da ɗaya bisa biyar. Abin da zan ƙara, kar ka tafi kana neman abu mai ƙyalli. Zinare ne baya canzawa a ruwan gishiri, azurfa baƙi take komawa, sai ka ganta kamar wani ɓallin dutse ka wuce, kuma sulallan ba su da kewaye mai kyau don da guduma aka buga su. Masu yi sun fi fita bayan an yi iska mai ƙarfi teku ta kwashe yashin sama. Sai haƙuri kuma, Mel Fisher, wani Ba'amurke mai neman dukiyar teku, shekara 16 ya yi yana neman Atocha, wani jirgin Sifaniyawa daban da ya nutse, kafin ya dace a 1985, har ɗansa ya rasa a wajen neman.

Ɗan Zazzau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na ji, ba zan shiga ruwan ba. Malam in na dace da baƙar azurfar, wanke ta zan yi ko in bar ta yadda take?