Ina tsutsar kara da fara suke fakewa da rani?

Ɗan Gumel: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyaran darni na tsaga wani karan gero na bara, sai ga tsutsa a ciki, fara fat, ta ƙanƙance. Na zaci matacciya ce, ina taɓa ta da tsinke ta motsa. Wata biyar ke nan rabonmu da ruwa. Wa ya taɓa ganin haka?

Baba daga Ringim: Wa alaikumus salam ɗana. Ai duk mai darni yana kiwonta bai sani ba. Shekarun baya gonata ta bayan gida ce ta fi shan wahala, gero ya yi ta bushewa daga zuciya, ta daji kuwa lafiya lau. Ashe karan da nake jibgewa a gefenta ne. Yanzu da kaka babbake shi nake yi sama-sama, ganyen ya ƙone, karan ya yi mini aiki.

Inna daga Dambatta: Ni fara ce ta dame ni. Da kaka mu kama mu soya, sanyi na shiga ta ɓace ɓat. Ruwan shuka na sauka, kwana kaɗan sai ga 'ya'yanta ƙanana suna tsalle a kan huda. Bara sau biyu muka maimaita shuka, har irin da na ɓoye a tulu ya ƙare.

Malamin gona, Kazaure: Inna, Allah ya mayar da alheri. Ƙwai ta binne muku a cikin rairayi. Wanda ta yi a tsakiyar damina yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu, amma na wajen Satumba kwanciya yake yi sai wata daminar. Tsawon yini ne ke sanar da ita. A nan wajenmu yinin Yuni yakan kai awa 12 da minti 50, na Disamba kuma kusan awa 11 da minti 25. Mu da kyar muke lura, sai dai mu ga magariba ta matso, amma ƙwaro yana da agogo a ƙwaƙwalwarsa da ke auna dare. An gwada da wasu ƙwari: aka riƙa haska musu fitila na ɗan lokaci cikin dare, sai suka ƙi kwanciya. Ruwa kan ɗauke ya dawo, shi ya sa dogaro da tsawon yini ya fi musu. Tsutsar kara ita ta fi bin tsufa da bushewar karan. Dabarar Baba kuwa an gwada ta da karan dawa a Samaru, Zariya, ta kashe mafi yawansu.

Ɗan Gumel: Na gode Malam. Na koma na tsaga kara goma, huɗu da tsutsa. Gobe in sha Allahu zan kwance darnin in shimfiɗa shi a rana. Baba, karan da ke jinkar rumbu fa, ya kuke yi da shi?