Wace kalma za mu ba "graffiti" a Hausa?

Masu fassara labarai sun saba cewa "zanen bango" ko "rubutun bango" duk lokacin da kalmar graffiti ta fito, kuma ina ganin ya kamata mu tsaya mu duba ko waɗannan kalmomi suna ɗauke da ma'anar gaba ɗaya. Kalmar ta Italiyanci ce, tushenta kuwa yana nufin karta abu ko kwarzana shi. Da ita masu binciken kayan tarihi suke kiran rubuce-rubucen da talakawa suka karta a bangayen Pompeii, birnin Italiya da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya: sunaye, gaisuwa, zagi da kalaman soyayya. Ma'anarta ta yau ta bunƙasa ne a Amurka, a biranen Filadelfiya da New York, daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da matasa suka riƙa rubuta laƙabinsu a bangaye da jiragen ƙasa da alƙalami mai kauri ko fentin feshi na gwangwani. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani matashi mai rubuta TAKI 183 ko'ina a birnin, abin da ya sa wasu da yawa suka bi sahunsa.

Matsalar "zanen bango" ita ce ya yi faɗi ta wani ɓangare, ya kuma yi ƙunci ta wani. Ya yi ƙunci domin ana yin wannan zane a jikin jirgin ƙasa da gada da ƙofar ƙarfe, ba a bango kaɗai ba. Ya yi faɗi domin manyan zane-zanen da gwamnatin Meziko ta sa mai zane Diego Rivera ya yi a gine-ginen hukuma a shekarun 1920 su ma zanen bango ne, amma an gayyace shi, an biya shi, ba wanda ya bi shi da sanda. Katangar Balin, wadda ta raba birnin Balin na Jamus gida biyu, ta nuna bambancin a fili: kafin 1989 mutane suna zana fuskarta ta yamma ba tare da sun tambayi kowa ba, a 1990 kuwa masu zane daga ƙasashe da dama suka ƙawata wani sashe da ya rage a wani shiri na musamman. Katanga ɗaya ce, amma aikin iri biyu ne, kuma bai dace suna ɗaya ya haɗa su ba.

"Kwarzane" ya bi tushen kalmar, sai dai fenti ba ya kwarzana komai. "Zayyana" ado ce da mai abu ya so, saboda haka ta yi yabo da yawa. "Ɓata bango" da "jagwalgwalo" kuwa hukunci ne, ba suna ba, kuma mai fassara ba alƙali ba ne. Zanen da matasa suka yi a titin Mohamed Mahmoud na Alƙahira bayan juyin juya halin 2011 don tunawa da waɗanda aka kashe bai cancanci a kira shi jagwalgwalo ba.

Shawarata ita ce "zanen gaban-kai". Idan Bahaushe ya ce wane ya yi gaban kansa, yana nufin ya aikata abu ba da izinin kowa ba, kuma wannan ne abin da ya haɗa mai karta suna a Pompeii da mai feshi a New York. "Zane" ya isa ya ɗauki rubutu ma, tunda muna cewa ya zana sunansa. Mai yin sa shi ne "mai zanen gaban-kai". Inda hukumar gari ta ware wuri ta ce a zana, sai mu koma ga "zanen bango" ko "zanen titi". A labari za a iya rubuta: hukumar sufuri ta goge zanen gaban-kai da aka yi a jikin jiragenta.