Ina ake koya wa mata rawa kyauta a Gombe?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce Hajiyarmu ta riƙa motsa jiki saboda hawan jini da suga, amma ta ce ba za ta yi zagaye a filin wasa na Pantami maza na kallonta ba. An ce akwai inda mata ke koyon rawa kyauta. Don Allah wa ta san wurin?

Anti Ladi: Wa alaikumus salam. Mu nan Tudun Wada muna yi duk Asabar ƙarfe bakwai na safe, a tsakar gidan wata malamar firamare da ta yi ritaya. Ko sisi ba a biya, ƙofa a rufe, mata zalla. Ana farawa da taku a wuri ɗaya, sai kaɗa kafaɗa, in jiki ya saki a sa kiɗan ƙwarya. Akwai wata Inna da ta haura saba'in, a kujerar roba take zaune tana yi da hannu da ƙafa, jikarta na gefe tana kwaikwayonta. Ki kawo Hajiya, za ta sami sa'anninta.

Sista Talatu: Na ji daɗin wannan magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar. Kun ga Asabar kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara a gida. Masu shekara 65 zuwa sama kuma ana so su riƙa atisayen tsayuwa da daidaita jiki kwana 3 a mako don gudun faɗuwa, rawa kuwa tana yin wannan aikin sosai. Amma Maman Ikram, in Hajiya na shan maganin suga ko tana allurar insulin, kar ta zo da yunwa, ta kuma riƙo dabino a jaka. Ta fara da minti goma. In tana iya magana amma numfashi bai isa ta rera waƙa ba, to daidai take. In ta ji jiri ko ƙirji ya riƙe, ta zauna nan take, a kai ta asibiti.

Ummi: Anti, akwai Zumba a YouTube, rawar motsa jiki ce wadda wani mai koyar da rawa, Beto Pérez, ya ƙirƙiro a ƙasar Kolombiya. Suna da ta tsofaffi, Zumba Gold, a hankali ake yi. Sai dai cin data.

Hajiya Babba: Ummi 'yata, ki bar mu da namu. Mu da muka tashi da daka da surfe da jan guga ba mu san ciwon gwiwa da wuri ba. Yanzu inji ke niƙa, Keke Napep ke kai mu ko nan da Jekadafari. Abin da nake so ku duba shi ne ba kowane maigida zai yarda da kiɗa ba. To a yi gaɗa mana, tafi da waƙa kawai, babu mai cewa komai, kuma zufa sai ta jiƙa ɗankwali.

Anti Ladi: Gaskiya ne Hajiya, mu ma wani makon gaɗar muke yi.

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri. Da wane kaya za ta zo?

Anti Ladi: Doguwar riga mai sakewa da wando a ciki, zani yana harɗe ƙafa. Takalmi kambas, ban da silifas, don siminti ne. Ta zo da gorar ruwanta. Ku hau Keke zuwa bakin kasuwar unguwa ki kira ni, zan turo yarinya ta shigo da ku.